Juya Baya a Zauren Harnley

A Harnley ba a zagin Stan Heslop. Zagi ai magana ce, shi kuwa an daina yi masa magana tun shekarar babban yajin aiki, lokacin da ramin kwal yake da rai, yau kusan shekara arba'in. Mahaƙa sun ajiye aiki tun bazara, aka shiga tsakiyar hunturu ana layin dankali da ruwan miya a zauren ƙungiya, sai wata safiya Stan ya hau motar kamfani mai raga a tagogi ya koma rami. Shi ke nan. Daga ranar ya zama maci amana, kuma garin nan yana da yadda yake yi da irinsu: in mutum ya shigo wuri, kowa zai ajiye abin da ke hannunsa, ya miƙe, ya ba shi ƙeya har sai ya fita. An rufe ramin tuntuni, an gina rumbunan ajiyar kaya a wurin, rabin waɗanda suka fara juya masa baya suna maƙabarta, amma 'ya'yansu sun gaji abin kamar yadda ake gadon kujerun falo.

Mutum biyu ne kawai suke buɗe baki su yi masa magana. Na farko Rebin mai aski, ɗan Kurdawa, wanda da aka ja shi gefe aka yi masa bayani ya ce shi gashi yake askewa, ba tarihi ba. Ta biyu 'yarsa tilo, Lorna, 'yar majalisa mai wakiltar yankin, wadda ake kira da sunan mijinta, Tweddle. Kowa ya san 'yar wane ce. An dai yi kamar an manta, don ita ce ta tsaya kai da fata ta hana a rufe ƙaramin asibitin garin. Duk ranar Lahadi takan ajiye motarta a nesa, ta biyo lungun bayan gida ta shigo ta kicin, da gasasshen nama a kwano da dankali da kabeji. Su ci, ta yi masa faɗa a kan magani, ya yi mata tsiya a kan takalmanta na London. Wannan Lahadin ita ce duk abin da Stan ya mallaka a duniya, kuma ya sani sarai.

Wata Talata yana kan kujerar aski, Rebin ya nuna talabijin da almakashi.

"Baba Stan, ga 'yarka sun sake sakowa. Wallahi shugaban jam'iyyar nan ya gama yawo, ko Kirsimeti ba zai kai ba. Ka gan shi yana murmushi? Duk waɗanda ke bayansa wuƙa suke wasawa."

"Kullum haka ake faɗa."

"A'a, wannan karon ta tabbata. Suna uku ake juyawa. Akwai Owen Sayle, mai haƙora kamar na tallan man goge baki. Akwai wannan dogon da ko matarsa ba za ta zaɓe shi ba. Sai Lorna. Ni na gama shawara, in ta ci, ni ne mai askin gwamnati."

"Ka fara iya aske tsofaffi tukuna, ka kusa cire min kunne."

Ya faɗa ne yana murtuke fuska, amma cikinsa fari ƙal. Lorna! Yarinyar da take dawowa daga makaranta da tofin yawu a bayan riga saboda shi, yau ita ake lissafawa cikin masu riƙe jam'iyya. Sai dai Stan ya san yadda abin yake fiye da masu surutu a talabijin. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haifi jam'iyyar, su suke ci da ita, kuma ba wanda zai shiga takarar shugabanci sai wata babbar ƙungiya ta ɗaga hannunsa. Babbar ƙungiyar da Lorna take sa rai da ita kuwa ita ce wadda ta haɗiye ragowar ƙungiyar mahaƙa, kuma wuƙa da naman reshenta na arewa suna hannun Derek Purvis. Da Derek da Stan aji ɗaya suka yi. Derek ne ya fara jifan motar nan mai raga da bulo.

Ba a rufa mako ba wata jarida ta tono zancen. Ga hoton Stan yana fitar da shara, da silifas da rigar barci, baki buɗe. Aka tambayi Purvis ra'ayinsa, sai ya ce shi ba ya hukunta 'ya da laifin uba, amma mambobinsa suna so su san inda ta tsaya. Munafuki! Mutumin da ya hana a ɗauki Stan ko aikin shara a garin nan, wai shi ne ba ya hukunci.

Ranar Lahadi Lorna ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Ta zo da wani saurayi siriri mai suna Jasper, mai ba ta shawara kan 'yan jarida, wanda ya goge kujera da hannu kafin ya zauna. Aka ci abinci ba armashi. Da aka gama ta kwashe kwanuka ta tsaya a bakin famfo, ta bar Jasper da aikin.

"Mista Heslop, bari in fara da tambaya. Me ya mayar da kai aiki a lokacin? Ko Lorna ce ba ta da lafiya? Ko mahaifiyarta? In akwai wani abu irin wannan, za mu iya gina labari a kai."

"Lafiyarsu ƙalau."

"To me ya faru?"

"Na gaji ne."

"Ka gaji kawai?"

"Na gaji da sanyi, na gaji da layi, na gaji da muryar Derek a lasifika. Na tashi na hau mota. In kana neman wani dalili mai kyau, yaro, ka makara, ni ma na neme shi ban samu ba."

Jasper ya sosa ƙeya ya dubi bayan Lorna, ita kuwa ta ƙara buɗe ruwa. Sai ya sauke murya ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar Asabar reshe zai yi taro a zaure, Lorna za ta yi jawabi, 'yan jarida za su zo. An yi magana da mutanen Purvis. Abin da suke so ƙarami ne. Stan ya shigo zauren ana tsakiyar taro, a yi abin da aka saba, Lorna ma ta yi tare da kowa. In mambobi suka gani da idonsu, Purvis zai kai sunanta London.

Rabon Stan da taka zauren nan tun Lorna ba ta iya ɗaure takalminta ba.

"Lorna. Kashe ruwan nan. Ke kika ce a yi haka?"

Ta kashe, amma ba ta juyo duka ba. "Baba, wasan kwaikwayo ne. Ka shigo, ka fita, an wuce wurin. In na samu kujerar nan, babu wani Purvis da zai ƙara gaya min ƙofar da zan bi in shiga gidan ubana."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Ni na ce."

"To shi ke nan. Ƙarfe nawa?"

Ta zo ta rungume shi ta baya da jiƙaƙƙun hannuwa, tana kuka a wuyansa. Shi kuwa, wawan tsoho, har wani daɗi ya ji. Shekara da shekaru yana ganin ya cuce ta ba shi da abin biya, yau ga abin da za ta roƙa a wurinsa ya samu. Bai tsaya ya tuna abin da kowane ɗan Harnley ya sani tun yana goye ba, cewa a garin nan ba a taɓa juya baya na wasa ba.

Ranar Asabar da rana ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya goge takalmi, ya ɗauki sanda da hula. Ƙurar rami ta cinye masa huhu, don haka sai da ya huta a bakin kantin magani, ya sake hutawa a jikin akwatin wasiƙu. Motocin 'yan jarida sun cika gaban zauren. Jasper yana bakin ƙofa yana duba waya, da ya gan shi sai ya ɗaga masa yatsa ya tura ƙofar.

Zauren ya cika maƙil. Warin giya da soyayyen dankali, yadda ya bar shi. Can gaba tsohuwar tutar reshe tana rataye, ja da ruwan zinari, a ƙarƙashinta Lorna tana magana a kan albashin masu jinya, Purvis yana zaune kusa da ita da tumbinsa da sarƙar tabarau. Jama'a ba su lura da Stan ba da farko. Ya yi ta tafiya tsakanin tebura, sanda tana ƙwanƙwasa katako, har ya kai tsakiya. Purvis ya gan shi tun daga ƙofa, amma ya bari sai da ya yi nisa da ita. Sannan ya ɗaga tambulan ɗinsa ya dire a kan tebur da ƙarfi.

Maganar Lorna ta yanke. Aka shiga ajiye tambulan, tebur bayan tebur, kujeru suna kuka a ƙasa. Maza suka miƙe, mata suka miƙe. Samarin da ba a haife su ba lokacin yajin suka juya suna ɗaga waya ta saman kafaɗa don kada hoton ya wuce su. Mai sayar da giya ya juya ya fuskanci kwalabensa. Akwai Billy Raine a keken guragu, da robar iska a hanci, mutumin da Stan ya taɓa jawowa daga ƙarƙashin dutse a rami. Billy ya daki hannun keken yana huci, "Juya ni, Sandra! Juya ni mana!" 'Yarsa ta kama keken ta juya shi.

Fuska ɗaya ta rage a zauren duka. Lorna tana riƙe da takardar jawabinta, tana kallonsa. Stan ya ɗan gyaɗa mata kai, yadda yake yi mata tana ƙarama in za a yi mata allura. Ta ajiye takardar, ta juya ta fuskanci tuta. Fitilun masu hoto suka yi ta walƙiya.

Ya san abin zai yi zafi, amma bai san haka zai kai ba. Bayan mutanen Harnley ya saba gani, ya san kowanne, wa ya rame, wa ya ranƙwafa. Bayan Lorna kuwa, da 'yar tawadar Allah a ƙasan gashi, shi ya saba goge shi da tawul tana ƙarama. Garin juyawa hular ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin wani tebur. Ba mai ɗauko masa, don ba wanda ya gan shi. Ya dafa sanda, ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya laluba tsakanin ƙafafun mutane, numfashinsa yana fito kowa yana ji. Tashin ya fi durƙuson wuya. Sai da ya kama gefen tebur ya ja jikinsa, giyar wani ta zube masa a hannun riga. Wata yarinya cikin masu hoto ta yi kamar za ta taimaka, na kusa da ita ya riƙe ta.

Da ƙofa ta rufe a bayansa ya ji zauren ya ɗauki tafi da buga ƙafa, ana kiran sunan Lorna. Jasper ya biyo shi da sauri yana cewa abin ya yi kyau fiye da yadda suka zata, musamman wajen hular. Stan ya wuce shi ya kama hanyar gida.

Washegari Lahadi ba ta zo ba. Bai damu ba, ya san 'yan jarida suna nan suna shawagi. Ya buɗe gwangwanin wake ya ci a tsaye.

Ranar Talata yana kan kujerar Rebin, an shafa masa kumfa, talabijin ta sanar cewa babbar ƙungiya ta tsayar da Owen Sayle. Aka nuno Sayle da haƙoransa yana gaisawa da shugabannin ƙungiya a London. Wata mai sharhi ta ce tafiyar Lorna Tweddle ta ƙare tun ba a fara ba, kuma mutane da yawa a kudu sun ga hoton nan na zaure sun ji ƙyama. Rebin ya tsaya da reza a sama.

"Kai! To me aka yi ke nan?"

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, sai ga Derek Purvis. Bai taɓa shigowa shagon in Stan yana ciki ba. Ya cire hula, ya zauna a benci, ya juya kafaɗarsa ya fuskanci bango, ya fara magana da fara'a.

"Rebin, ɗan'uwa, ya kasuwa? Ka buɗe taga mana, wani wari nake ji."

"Mista Purvis, ina da mutum a kujera."

"Ni ban ga kowa ba. Ka ji labarin Sayle? Yaron kirki. Tun ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka gama maganarsa a London, ni ma na sa hannu. Ya yi mana alkawura masu nauyi."

"Alhamis? Taronku fa Asabar aka yi."

"Taro ai taro ne. Tsofaffi suna son ɗan abin kallo kafin su mutu. Billy Raine ya ce min rabonsa da barci mai daɗi irin na ranar tun yana saurayi."

Stan yana kallon madubi, kumfa tana bushewa a haɓarsa. Ya matse hannuwansa tsakanin cinyoyi a ƙarƙashin zanen aski.

"Amma ka san abin da ya burge ni da yarinyar nan?" Purvis ya ci gaba yana duba farcensa. "Yanzu ta zama tamu. Da can muna kawar da kai, mun san lungun da take bi ranar Lahadi, har kwanon mun sani. Mun ce ba komai, ba ta taɓa yi mana alkawari ba. Yanzu kuwa ta juya a gaban tuta, a gaban zawarawan mutanenmu. Wanda ya juya a gaban tuta, in ya koma wurin wanda ya juya wa baya, to zauren ya mayar abin wasa. Kuma baɗi reshe ne zai ce ko ita za ta sake tsaya mana takarar majalisa ko wani. Na yi mata bayani jiya. Yarinya ce mai kai, ba ta ba ni wahala ba."

Ya miƙe ya mayar da hularsa. "Gashin nawa bai taru ba ashe. Sai wani makon."

Da ya fita Rebin ya yi wata ashar da harshensu, ya jefa tawul a ƙasa. "Baba Stan, ƙarya yake. 'Yarka ce. Wace 'ya ce za ta bar ubanta saboda wannan buhun?"

"Ƙarasa min askin," in ji Stan.

Shi ma abin da ya gaya wa kansa ke nan. Ranar Lahadi ya share kicin, ya jera faranti biyu, ya zare sakatar ƙofar baya. Ya zauna har shayin ya huce, ya sake dafa wani. Ya kira wayarta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Lahadin da ta biyo baya Jasper ne ya ɗauka, ya ce tana cikin wani hali, a ba ta lokaci, kuma don Allah kada a riƙa barin saƙo, ba a san wa zai ji ba. Shugaban jam'iyya ya faɗi kafin Kirsimeti kamar yadda Rebin ya ce, Sayle ya haye, ya raba muƙamai, sunan Lorna bai fito ko a ƙasa ba. Stan ya riƙa ganinta a jaridar yanki, tana buɗe bikin baje kolin furanni, tana tsaye kusa da Purvis a jana'izar Billy Raine. Bai ji haushinta ba. Yana cewa idanu ne suka yi mata yawa, duk ranar da suka haɗu ba kowa, zai ji ta bakinta.

Ranar ta zo a watan Fabrairu, ranar zagayowar rasuwar matarsa Jean. Ya sayi furanni a kanti, ya hau bas zuwa maƙabartar da ke kan tudu bayan gari. Ana yayyafi, iska tana kaɗawa, ko mai gadi bai fito ba. Da ya haura ya tsaya yana maida numfashi, sai ya hango ta. Tana tsaye a kan kabarin uwarta da baƙar kwat, ba Jasper, ba mota a kusa, ba kowa.

Ya ƙara sauri, sanda tana nutsewa a laka.

"Lorna!"

Ta ɗago. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ya ga leɓenta ya motsa, ya ga kalmar "Baba" tana shirin fitowa. Sai ta dubi dama, wajen ƙofar maƙabarta. Ta dubi hagu, wajen katanga da filin da tumaki suke kiwo. Ta waiwaya ta dubi hanyar da ta gangara gari. Shi ma ya bi ko'ina da kallo tare da ita, yana murna, don ya ga abin da ta gani. Babu mahaluki.

"Ba kowa, 'yar nan," ya ce. "Mu kaɗai ne. Ni ne da ke da uwarki."

Ta sunkuya ta ajiye furanninta a kan dutsen. Ta miƙe, ta gyara wuyan kwat ɗinta, ta juya masa baya.

Stan ya tsaya. Ruwa yana sauka daga bakin hularsa. Ya jira ko kafaɗunta za su girgiza, ko za ta ce wani abu ko da iska za ta gaya wa, yadda Purvis yake yi. Ba ta motsa ba. Tsayuwar ta zauna mata daidai, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe, kamar wadda aka haifa a cikinta. Kabarin Jean yana gabanta, ba yadda zai kai gare shi sai ya raɓa ta jikinta, kuma ya san ba za ta juyo ba muddin yana wurin. Sanyi ne ake yi sosai, ita kuwa tun tana ƙarama ba ta da ƙarfin ƙirji.

Ya juya ya gangara da furanninsa a hannu, don ta samu ta tafi gida.